Tukwanen Auren Falmata

Tun da na dawo ban huta ba. A masallaci a tambaye ni, a tasha a tambaye ni, ko aski na je sai wanzami ya tsai da aska a tsakiyar kaina ya ce, "Hammadu, wai da gaske ne?" Wasu labarin ƙasar Turawa suke so, wasu na Sahara, amma yawanci abin da ke cin su shi ne dalilin da ya sa ni da Modu muka toshe rijiya da siminti a gonata ta bayan Kagarawal. Har an fara cewa zinariya muka binne. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Ni direba ne. Modu bakanike ne a unguwar Bolari a nan Gombe, yana kuma taɓa tuƙi. Babarbare ne mai zane har kunne, ni kuwa Bafulatani, don haka tun muna samari ba mu taɓa gaisawa ba tare da ɗaya ya kira ɗaya bawansa ba. Ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Ni kuma, gara in faɗa da bakina kafin ya faɗa muku, mutum ne mai tsoro. Ko ƙadangare ya faɗo daga rufi sai na yi salati.

Maigidanmu Alhaji Bappa ya sayi manyan motoci biyu na hannu a Jamus ta Yamma. Kun san yadda tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe a 'yan shekarun nan, kuɗi sun zo kowa na odar kaya, jirgi sai ya yi wata da watanni a kan ruwa bai samu wurin sauke kaya ba. Alhaji ya ce shi ba zai jira ba, mu je mu tuƙo su ta Sahara yadda wasu suke yi. Ni na so in zille. Modu kuwa nan take ya amsa, domin an sa ranar auren 'yarsa ta fari, Falmata, yana so ya zo mata da abin da ba a taɓa kai wa wata amarya a Bolari ba.

Daga Kano muka hau jirgin sama. Ba zan ce komai a kan jirgin ba, don idona a rufe yake. Wanda ya tarbe mu wani ɗalibi ne ɗan Kumo mai suna Yusufu, yana karatun injiniya a can, shi ya zama bakinmu da kunnenmu. Ya sama mana ɗaki a gidan wata tsohuwa a wani ƙaramin gari kusa da inda motocin suke. Sunanta ya gagari harshenmu, muka sa mata Goggo, ta kuwa amsa.

Goggo mutuniyar kirki ce, sai dai komai nata da agogo. In lokacin abinci ya wuce da kaɗan, ta kwashe kwanuka, ko kana wanke hannu ne. Abincin kuwa dankali da safe, dankali da rana, da wani kabeji mai tsami wanda a gida da an ce ya lalace an zubar. Nama ba mu taɓa ba don tsoron alade, sai ƙwai da kifi. Karenta a cikin ɗaki yake kwana, yana da bargonsa. Maƙwabta kuwa sai ka wuce mutum a ƙofar gidansa, ka yi masa sannu, ya dube ka kamar ka zo bin bashi.

Wata safiya muna filin motoci, Modu na ƙarƙashin tawa yana duba sifirin, sai jiniya ta ɗauka. Ba irin ta motar asibiti ba. Wannan daga saman gari take, tana hawa tana sauka, har cikin haƙori kake jin ta. Ban san lokacin da na tsinci kaina kusa da Modu a ƙarƙashin mota ba. Da na leƙo sai na ga wata mata tana tura keken jariri, ko waiwaye ba ta yi ba.

Yusufu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce gwaji ne, lokaci-lokaci suke yi, don ranar da za a harbo makamin ƙare dangi mutane su san muryar. Ya nuna mana wani daji mai shinge a bayan gari, ya ce sojojin wata babbar ƙasa ne a ciki, kuma ana cewa akwai irin makaman a wurin, an saita su gabas. Can gabas ɗin ma akwai wasu an saito su nan.

Da muka koma gida ya ba Goggo labarin yadda na shige ƙarƙashin mota. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko makulli ta kai mu wani ɗaki a ƙarƙashin gidan. Ga abincin gwangwani jere, ga jarkokin ruwa, ga kyandir, ga gado ɗaya. Ta ce a irin wannan ɗakin ta zauna lokacin babban yaƙi, da ta fito babu unguwarsu.

Na ce wa Yusufu, "Tambaye ta, in an harbo wancan ɗin, ɗakin nan zai hana?"

Ta girgiza kai. Ta ce ba zai hana ba, amma mutum ba ya iya zama hannu rabbana.

Na ce, "To me ya sa suke ajiye abin a bayan gidanku?"

Yusufu ya amsa da kansa. Ya ce hikimar ita ce kowa ya riƙe nasa, kowa ya san in ya harba shi ma an harbo masa, saboda haka babu mai farawa. Ya ce manyansu sun yi shekaru suna zama a teburi a wata ƙasa mai sanyi, wai za a rage, amma kowa na cewa ɗan'uwansa ya fara ajiyewa, kuma kowa na zargin ɗayan ya ɓoye wasu a bayan ɗaki.

Modu ya tafa hannu. "Ashe Turawa ma sun san layar gona! Fulata, ka tuna layun da ake ratayawa a mangwaron Kagarawal, wai wanda ya tsinka cikinsa zai kumbura? Babu bishiyar da ban sha ba. Ga cikina nan. Duk burga ce. Mai abu ya rataya tsoro don ya yi barci, shi ke nan."

Goggo ta tambayi abin da ya ce. Da aka fassara mata sai ta dube shi ta ce, ita ba wanda zai harba da gangan take tsoro ba. Wanda take tsoro shi ne wanda bai yi barci sosai ba, ya ga wani abu a na'ura ya zaci an harbo. Maganar nan ta zauna mini a rai, ban sake jin daɗin garin ba har muka bar shi.

Ranar tafiya ta cusa mana burodi baƙi mai nauyin bulo da dafaffen ƙwai. Muka ratsa Faransa, inda wani ɗan sanda ya tsai da mu don mun tsaya salla a gefen babbar hanya, ya yi ta magana muna ta cewa to, har ya gaji ya tafi. A bakin teku aka loda motocin cikin jirgin ruwa. Modu da ke mini dariyar jirgin sama, a nan Allah ya saka mini. Tun da jirgin ya motsa yake rungume da bokiti, yana kiran sunan uwarsa.

Da muka sauka Aljeriya na ji kiran salla daga hasumiya, wallahi sai da na yi hawaye. Muka ci kuskus, wani irin dambu nasu, da naman rago har muka kasa tashi. A nan muka shiga ayarin wasu motoci masu zuwa Nijar, da ja-gaba wanda ya san hanya, don ba a shiga Sahara mota ɗaya. Kwalta ta raka mu wani wuri, ta fara yagewa, daga baya ta sallame mu. Sauran duk rairayi ne da duwatsu, ka kafe ka tono, ka yi gaba ka sake kafewa. Abinci ya koma dabino da shayi da wani burodi da suke gasawa cikin rairayi mai zafi, a kakkaɓe a ci. Ƙasar da ta rage a jiki ita ce gishirinsa.

Ana saura kamar yini guda mu kai Tamanrasat muka yada zango da hantsi kusa da wani baƙin dutse, don wata mota ta yi zafi. Daga hanya ana hango shingen waya mai ƙaya ya zagaye gindin dutsen, duk ya zube a wurare da yawa. A jikin wani ƙarfe akwai allo da hoton ƙoƙon kan mutum da rubutun da ba mu iya karantawa. A bayan shingen kuwa, jama'a, ga ƙarfe nan zube iya ganinka. Fallayen dalma masu kauri, tulin wayar jan ƙarfe, gangunan ƙarfe, ba tsatsa ko ɗigo, don can ba a ruwa.

Wanda bai san bakaniken Bolari ba ba zai gane abin da ya faru da Modu ba. Mutumin da in ya ga ƙusa a hanya sai ya tsaya ya sa a aljihu. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Fulata, tsuntsu daga sama gasasshe."

Ja-gabanmu ya hango shi ya nufi shingen, ya ɗaga murya da Larabci yana kaɗa hannu. Ni ma na ce, "Modu, ba ka ga kan mutum a allon ba?"

Ya ce, "Na gani. Layar gona ce. Wanda ya ajiye kayan ne ba ya so a ɗiba. In da mugun abu ne a wurin, da ka ga soja. Ka ga soja?"

Babu soja. Babu ko tsuntsu. Ya tsallaka ya yi ta jido, ya loda fallayen dalma a bayan motarsa da nadin waya guda. Ja-gaba ya tofar da yawu ya koma motarsa, ina jin ya saba ganin irin haka. Modu ya dawo yana haki yana murna. Ya ce dalmar nan za a narka a zuba wa Falmata tukwane, tun daga ta shayi har ta suna, masu kaurin da jikokinta za su gada. Wayar kuma a yi mata mundaye. Ya yanko wani ɗan falle ya ba ni, wai in riƙa kare wa risho iska in ina dafa shayi. Na karɓa, don iska ta dame ni ƙwarai.

A Tamanrasat aka raba mu. Jami'an wurin suka ce lambar da ke jikin injin motata ba ta yi daidai da ta takarda ba, sai an tambayo babban birni. Ayari ba ya jiran mutum ɗaya, ranar aure kuma tana matsowa. Modu ya so ya tsaya, ni na ce ya tafi. Ya ce, "To bawana, in sun ɗaure ka ka aiko, in zo in saye ka da araha." Ya bi ayari.

Wani ɗan Damagaram mai sayar da shayi ya haɗa ni da wani tsohon Buzu da ke ba baƙi ɗaki. Sunansa Akhmadu, ya yi zaman Agadas, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Gombe. Mutum ne mai shiru, rawaninsa ba ya sauka daga bakinsa ko abinci yake ci. Matarsa ta rasu, ba shi da ɗa. Muka saba, kullum da la'asar mu sha shayi a tsakar gida.

Wata la'asar iska ta taso, na shiga mota na ɗauko ɗan fallen nan na kafa a gefen gawayi. Akhmadu ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "A ina ka samo wannan?"

Na gaya masa. Ya miƙe tsaye, tsoho da shi, ya ja baya har bango. Ya ce in ɗauke shi da sanda, kada da hannu. Muka fita bayan gari ya sa na tona rami na binne. Muka dawo ya sa na wanke hannu da sabulu har fata ta yi zafi, ya zubar da shayin, ya fasa kofunan.

Sannan ya zauna ya ba ni labari. Ya ce lokacin da Faransawa ke nan, a cikin dutsen can suke gwada makamin ƙare dangi. Shi yana cikin leburorin da suka haƙa ramuka a cikinsa. Su sa abin can ciki, su toshe, su tayar. Wata rana toshiyar ba ta riƙe ba. Ƙasa ta girgiza, dutsen ya tsage, wani baƙin hayaƙi ya fito ya bi iska. Ya ce da idonsa ya ga manyan hafsoshi suna gudu suna tuɓe kaya, ana ta wanke su da ruwa da burushi. Su leburori ba wanda ya ce su yi wanka. Da Turawan suka tashi tafiya suka zagaye wurin da waya suka bar komai.

"Ƙanena ya riƙa ɗibar wayar yana sayarwa," in ji shi. "Ya yi rumfa da fallayen, a ciki yake kwana da iyalinsa. Abin ba ya wari, ba ya zafi, ba ya canza launi. Ba ranar yake kama mutum ba. Sai an shekara, an shekara. Shi jininsa ne ya ƙare. Matarsa ciki uku tana yi yana zubewa. Raƙuman da suka yi kiwo ta wajen, 'ya'yansu ba su tashi ba."

Na ce masa a Jamus an gaya mana abin ajiyewa kawai ake yi don tsoratarwa, ba a amfani da shi.

Ya ce, "Haka suke faɗa. To mu da muke nan duwatsu ne?"

Ba kaina na tuna ba, Falmata na tuna. Yarinyar da aka haifa ina tsaye a ƙofar gida, ni na yanka ragon sunanta, Baffa take ce mini. Na ga tuwonta na kowace rana a cikin tukunyar nan, da ruwan wankan jegonta, da kunun ɗanta. Ga Modu ya ba ni rata mai yawa, ga motata a tsare.

Na koma ofishin na zama musu ƙarfen ƙafa. Da safe ni ne, da rana ni ne. Akhmadu ya raka ni ya yi magana da babbansu da harshensu, ban san me ya ce ba, na dai ga mutumin ya daina rubutu ya dube ni. Washegari aka buga mini hatimi. Da zan tafi na rasa abin da zan ce wa tsohon. Shi ya ce, "Kada ka tsaya yi masa bayani mai tsawo. Ka karɓe kawai." Bai san Modu ba.

Na bi wani ayarin. A iyakar Nijar muka tarar jandarma, ɗan sandan can, ya rufe taga yana shan shayi, kuma shayinsu zagaye uku ne, ba a katse shi ko gobara ake yi. Na zauna ina kallon butar kamar in haɗiye ta. A Arlit aka nuna mini wasu tuddai na ƙasa, aka ce daga nan ake haƙo abin da ake yin makamin da shi, ana kaiwa Turai. Na ce ashe a maƙwabtanmu ake nomansa. Ban sha ruwan garin ba, ko da yake an ce ba komai.

A tashar Agadas na tambayi labarin Modu. Kowa ya san shi. "Babarbaren nan mai ƙarfen banza? Ai ya wuce tuni." Wani maƙeri ya ce ya yi ya yi ya sayar masa da wayar, ya ƙi, wai ta 'yarsa ce. Na gode wa Allah da bai rarraba ta a hanya ba, na kuma ƙara tsorata, don na san inda za ta.

A Damagaram na je gidan waya, aka ce layin Najeriya ya lalace tun bara. Sai na sami wani direban ƙaramar mota ɗan Azare da zai riga ni isa nesa ba kusa ba, don tawa ba ta gudu. Na roƙe shi don girman Allah ya aika Bolari, a ce wa Modu bakanike kada ya taɓa ƙarfen nan sai na zo. Ya yi alkawari, ya kuma cika. Daga baya na ji yadda aka yi. Saƙon na isa Modu ya ce, "Kun ji Fulata! Ya yi lissafi a hanya, yana son kasonsa." A ranar ya kwashi dalmar ya kai wa mai zuba tukwane, ya ce a yi maza.

A iyakarmu kwastan suka sauke mini komai suka mayar, ba su sami abin da suke nema ba, ni ma ban san mene ne ba. Daga nan kwalta sabuwa fil, na taka motar Alhaji yadda ban taɓa taka mota ba. Na shigo Gombe da hantsi. Ban je gida ba, ban je wurin Alhaji ba. Na ajiye mota a bakin tasha na shiga lungun su Modu da ƙafa, rabona da wanka har na manta.

Na yi sallama na kutsa. Ga tukwanen nan a tsakar gida a kan tabarma, an jera su daga babba zuwa ƙarama, suna ƙyalli. Mata 'yan ganin kaya suna ɗagawa suna jinjina nauyinsu. Matar Modu, Ya Fanna, ta taso da murna tana mini sannu da hanya. Na ce, "Ya Fanna, an dafa wani abu a ciki?"

Ta ce, "Haba Malam Hammadu, kayan amarya? Sai ta tare."

Na zauna a ƙasa inda nake. Na yi hamdala ban san iyaka ba.

Mata suka ga abin ba na lafiya ba ne suka zare jiki. Modu ya fito yana dariya. Na gaya masa komai, dutsen, hayaƙin, ƙanen Akhmadu, matarsa. Ya saurara yana sakace haƙori. Da na gama ya ce, "Wani Buzu ya ga Bafulatani matsoraci ya yi masa tatsuniya. Ni na kwana a kan ƙarfen nan tun daga Sahara har Gombe. Dube ni. An narka shi a wuta, ko aljani ne a ciki ai ya ƙone."

Na ce wuta ba ta kashe shi. Ya ce wa ya gaya mini. Na ce Akhmadu. Ya ce Akhmadu likita ne? Muka yi ta yi, murya na hawa. Raina ya ɓaci, na yi abin da bai kamata ba. Na ce, "To tunda lafiya lau ne, me ake jira? A kira Falmata ta dafa abinci a ciki yanzu, ta fara ci a gabanka." Na faɗa ne don in tsorata shi, na tabbata zai ja da baya.

Ya dube ni. Ya ɗaga murya ya ce, "Falmata! Zo ɗauki tukunyar nan ki ɗora mana shinkafa."

Yarinya ta fito da lalle a ƙafa, ta gaishe ni, ta ɗauki ta tsakiyar ta ɗauraye. Ta ɗora a murhu ta zuba ruwa. Ni ina jira ya ce ta bari, shi yana jira in ce na janye. Ina ganin jijiyar wuyansa tana motsi, na san ya fara tsorata, shi ma ya san na sani, kuma wannan ne ya ƙara hana shi magana. Ruwa ya fara ƙara. Falmata ta wanke shinkafa ta zuba. Ba ta san komai ba, har tana tambayata ko na ga ƙanƙara a ƙasar Turawa.

Ya Fanna ce ta taso daga bakin ɗaki. Ta sa zani ta kama tukunyar ta sauke, ta kai bakin rariya ta kifar, shinkafa da ruwa duka. Sannan ta juyo.

"Ni ban je Sahara ba, ban san wane ne mai gaskiya a cikinku ba. Amma ku biyu kuke gardama, 'yata kuka sa a tsakiya. Malam, in kana so ka gwada, ga tukunya ga murhu, dafa ka ci kai kaɗai. Kai kuma Malam Hammadu, da bakinka ka ce a kira ta." Ta ja hannun Falmata suka shige ɗaki.

Muka tsaya kamar an tsoma kaji a ruwa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Can Modu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "To yanzu ina za a kai su?"

Nan wata sabuwa ta taso. A Gombe ina za ka jefar da tukunya sabuwa ba a tsince ta ba kafin ka juya baya? In ka kai juji, da la'asar tana kan murhun wani. In ka binne a ɓoye, gobe an tono, don an ga kana binne abu. In ka rubuta gargaɗi, to, kun dai ji yadda gargaɗi ya yi da Modu. Sai na tuna da matacciyar rijiyar da ke gonata, mai zurfi, wadda ba ta taɓa ba da ruwa ba tun zamanin mahaifina.

Muka je wurin mai zuba tukwane muka karɓo ragowar dalmar da tokar da ƙasar da ya yi zubi a ciki. Ya zaci mun haukace, na dai sa shi ya yi wanka, har yau kuma ina leƙa shi, lafiyarsa ƙalau. Muka kira mai unguwa ya zama shaida, muka gaya masa gaskiya da rana tsaka a gaban mutane. Modu ya ce sai an bincike motata ko na ɓoye wani falle, ni ma na ce a bincike shagonsa. Aka samu wayar a bayan tsohuwar taya, ya ce mantawa ya yi.

An yi auren Falmata da tukwanen kasuwa irin na kowa, ba wanda ya ce komai. Ni dai har yau ban san ko akwai wani abu a jikin ƙarfen nan ba. Babu na'urar aunawa a garin nan, na tambaya har asibiti. Mai yiwuwa ne Modu ya yi gaskiya, mun binne tukwane masu kyau a banza. Na yarda in zauna da wannan.

Ranar da muka toshe rijiyar, Modu da kansa ya riƙa jefa tukwanen ɗaya bayan ɗaya, muna jin ƙararsu can ƙasa. Da ya zo kan babbar, ta suna, ya riƙe ta ya daɗe yana shafa bakinta, sannan ya sake ta. Aka zuba duwatsu, magini ya kwaɓa siminti ya shafe bakin rijiyar, ya ce ya isa haka, ko giwa ta taka ba zai fashe ba. Muka tsaya muna kallo yana bushewa.

Modu ya ce, "Fulata, ka sani har yanzu ban yarda da maganarka ba."

Na ce na sani.

Ya juya wurin magini ya ce, "Ƙara buhu ɗaya."